An Rubuta Sa Kai

Litinin, 3 ga wata, 5:40 na yamma

Auta ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta ajiye min abinci a rufe. Da na shigo ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Na ce yawwa. Iyakar maganar da muka yi yau ke nan, kuma kwana uku ke nan a haka.

Ni ba mai rubuce-rubuce ba ce. Littafin nan ma na kamfani ne, irin wanda suke raba mana a farkon shekara, da hoton wata ma'aikaciya a bango tana washe haƙora kamar ba ta taɓa tsayuwa a kantar fasinjoji ba. Amma gidan nan mu biyu ne kawai, ni da ƙanwata, kuma ta daina yi min magana sai gaisuwa. Ba faɗa take yi ba. Da faɗa ne da na ji sauƙi. Tsoro nake ji kar in wayi gari in ga ba ni da ƙanwa.

Ranar Juma'a na sauke ta daga jirgi. To, na rubuta. Bari in tsaya nan.

Talata, 4 ga wata, 2:15 na rana, ɗakin hutun ma'aikata

Shekarata goma sha shida a filin jirgin nan, kuma har yau in an tambaye ni aikina cewa nake ina ba fasinjoji takardar shiga jirgi. Wannan rabin aikin ne. Ɗaya rabin ba ya faɗuwa a cikin mutane.

Jirginmu na ƙarfe sha ɗaya kujera ɗari da hamsin gare shi. Kamfani yakan sayar da tikiti ɗari da sittin. Lissafinsu shi ne kullum akwai wanda barci zai kwashe, da wanda cunkoson hanya zai riƙe, da wanda zai fasa. Yawanci kuma lissafin yana fita daidai, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma ran da kowa ya tashi da wuri, masu lissafin suna can bene na huɗu suna shan sanyin na'ura. Ni ce a ƙasa, ni da mutum goman da kowannensu yake riƙe da tikitin gaskiya. Mu a kanta cewa muke, "Yau akwai ƙari."

Duk wanda aka bari a ƙasa, ɗayan kalma biyu ake rubuta masa a kwamfuta. Ko "sa kai", wato shi da kansa ya bar kujerarsa, aka ba shi takardar rangwame da jirgin gobe. Ko "tilas", wato an hana shi shiga yana ji yana gani. Tilas har hukuma take zuwa, kuma tana ɓata wa kamfani makin gamsuwar fasinja. Manaja in ya ga tilas a rahoto sai ka ce an zagi mahaifiyarsa.

Ni wata ashirin da biyu ban rubuta tilas ko ɗaya ba. Ba wani asiri ba ne, fuska nake karantawa. Mai waya biyu da ƙaton agogo, kar ki taɓa shi. Matar da ta zo da fayil a hammata, kar ki taɓa ta. Ki nemi wanda ya ce miki sannu da aiki tun kafin ki ɗago kai, ko wanda ya matsa wani ya wuce gabansa a layi, ko tsohon da yake riƙe da tikitinsa da hannu biyu. Ki rage murya ki ce, "Baba, don Allah taimako za ka yi min." Irinsu ba su iya cewa a'a ba. Sai ki rubuta sa kai. Sababbin ma'aikata har turo su ake su tsaya a bayana su koya.

Alfahari nake da wannan. Har ranar Juma'a da safe alfahari nake yi.

Laraba, 5 ga wata, 6:00 na yamma

Sannu da zuwa, Yaya. Yawwa. Ga abinci can. To.

Alhamis, 6 ga wata, 4:30 na yamma

Auta cewa ta yi za ta je babban birni sayen yadi da zare na shagonta. Tun ana saura mako ta faɗa min, har tsiya na yi mata, na ce lallai telar unguwa ta samu duniya, yanzu zare ma a jirgi ake sayo shi. Ta yi dariya. Ban lura dariyar a baki kawai ta tsaya ba, ni mai karanta fuska.

Ranar Asabar da safe jakarta tana nan bakin ƙofa yadda ta dawo da ita. Na ɗaga don in share wurin, hannuna ya ce kilo bakwai, kuma hannun nan ba ya kuskure. Mai zuwa sayayya da jaka fanko yake tafiya. Sai na zuge.

Riguna uku ne na yarinya, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya, amma kowace ta fi 'yar'uwarta girma. A wuyan kowace ta maƙala 'yar takarda da allura: tara, goma, sha ɗaya.

Mai Wushirya shekararta tara. Ita kaɗai Auta ta haifa. Shekara huɗu ke nan tana hannun ubanta, Injiniya, a babban birni, tun da auren ya mutu. Ashe ya samu aiki a ƙasar waje. Ashe ranar Juma'ar da na sauke ta, da yamma za su tashi, shi da yarinyar. Ashe bayan roƙon da ban san tsawonsa ba ya yarda Auta ta zo filin jirgin can, ya ba ta awa uku ta ga 'yarta kafin su shiga.

Ba ta faɗa min ba saboda ni. Ran da kotu ta ba shi yarinyar ni ce na rantse a bakin ƙofa, na ce in ta ƙara roƙon mutumin nan ko da gaisuwa ce, ba ni ba ita. Tana 'yar shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, ni na yi mata wanka, ni na kai ta makaranta, ni na saya mata keken ɗinki. Maganata ba ta taɓa faɗuwa ƙasa a wurinta ba, kuma na saba da hakan har ban san na saba ba.

Ta same ni a tsugune da rigar sha ɗaya a hannu. Na ce, "Auta, don girman Allah me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Ta karɓi rigar ta ninke ta yadda take. Ta ce, "Ya wuce, Yaya."

Juma'a, 7 ga wata, 11:20 na safe, bayan jirgi ya tashi

Mako ɗaya cif. Yau babu ƙari, har kujera shida aka tashi da su babu kowa. Na tsaya ina kallon lambar shidan nan a kwamfuta har Ta Kanta Uku, maƙwabciyata a wurin aiki, ta zungure ni ta ce ko lafiya.

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Ƙarin mutum biyar ne ranar. Na samu huɗu cikin minti ashirin: tsohuwa da jikarta, wani malamin makaranta, da wani mutum shiru-shiru mai gyaran agogo. Saura ɗaya. Sai ga wani mai katin zinare, na manyan fasinjojin kamfani, ya iso a makare, yana buga kanta da tafin hannu, yana cewa shi ya san mai kamfanin. Manaja ya zo ya tsaya a bayana yana numfashi a wuyana. Ya ce, "Minti huɗu a rufe ƙofa. Ki samo min mutum ɗaya, kuma ba na son ganin tilas."

Na duba layin shiga. Fuskokin da suka rage duk masu tsauri ne. Sai na hango Auta, ta kusa kai wa ƙofa, takardarta a hannu, kujera ta 14C. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ga tawa ta gida, wannan ko lallashi ba sai na yi ba.

Na je na kama hannunta na ce, "Auta, fitar da ni kunya. Zare ba ya guduwa, gobe da safe in sa ki a kujerar gaba."

Ta buɗe baki. Na ga ta buɗe baki. Ta dubi mutumin da yake ihu, ta dubi Manaja, ta dube ni. Sai ta rufe bakin. Ta ce, "To, Yaya."

Na zare takardar daga hannunta. Sai da na ɗan ja kafin ta saki, wannan ma na tuna. Na rubuta sa kai. Ba wani jirgin zuwa can ranar, a mota kuwa tafiyar awa goma sha ɗaya ce.

Asabar, 8 ga wata, 7:10 na safe

Ta buɗe baki. Me ya sa ban jira ba?

Lahadi, 9 ga wata, 5:00 na yamma

Ina kicin na ji ta a ɗaki tana waya. Muryar da take yi wa Injiniya ban taɓa jin ta a bakinta ba, ƙasa-ƙasa, kamar mai neman aiki. "Don Allah ka ba ta ko minti ɗaya ne. To ka ce mata ni ce. To ka ce mata Mama ta ce." Sai shiru. Sai "To, na gode."

Yarinyar ta ƙi karɓar waya. Sau na huɗu ke nan, na ƙirga tun ranar Talata.

Na zaci fushin yara ne na an yi mata alkawari ba a zo ba. Na ce da Auta ta yi haƙuri, za ta huce. Da kalmar haƙurin ta fito daga bakina sai na ji ta da muryar wurin aiki, irin wadda nake yi wa fasinja. Ita ma ina jin ta ji, don kallon da ta yi min bai yi kama da na gida ba.

Litinin, 10 ga wata, 3:45 na yamma

Na ɗauki lambarsa a wayarta tana wanka. Shekara huɗu ban ji muryar mutumin nan ba, kuma ni na rantse ba za a roƙe shi ba. Yau ni ce na ce masa ranka ya daɗe.

Bai yi min wulaƙanci ba, shi ne abin haushin. A hankali ya ba ni labari. Ya ce tun ƙarfe sha biyu suna bakin ƙofar masu sauka, yarinyar ta zana hoto a kwali ta ɗaga sama don uwarta ta gane ta, wai kar ta ga ta yi tsawo ta wuce ta. Fasinjoji suka fito kaf. Sai Auta ta kira shi tana cewa an hana ta shiga jirgi. Ya ce shi bai yarda ba, bai kuma ƙaryata ba, sai ya ja hannun yarinyar suka je kantar kamfaninmu ta can su tambaya.

Ma'aikaciyar can ta duba kwamfuta ta karanta musu abin da ta gani. Ta ce, "A'a, ba hana ta aka yi ba. Ita ta sa kai ta bar kujerarta, an ba ta takardar rangwame." A gaban yarinyar ta faɗa.

Ya ce Mai Wushirya ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi mene ne rangwame, ya faɗa mata. Sai ta ninke kwalin ta sa a kwandon shara. Tun daga ranar in ya ce ga Mama a waya sai ta ce, "Ka ce mata ta ci rangwamenta."

Na ce masa ni na rubuta kalmar, ƙarya ce. Ya ce, "To ku kamfani ku rubuto cewa ƙarya ce, da tambarinku, in nuna mata. Yarinyar nan da kunnenta ta ji daga bakin mai yunifom. Maganata ba za ta goge wannan ba."

Auta ba ta san wannan ba. Ko ta sani? Ban iya tambayarta ba.

Talata, 11 ga wata, 6:20 na safe

Sa kai, harafi biyar. Da yatsa biyu na buga su, ko kallon allon ban yi ba.

Laraba, 12 ga wata, 1:30 na rana

Na hau bene wurin Manaja. Ina shiga ya miƙe da fara'a, ya ce kamar na san yana nemana. Wai hedikwata ta zaɓe ni gwarzuwar ma'aikata ta wannan zangon, za a manna hotona a bangon ɗakin jira. Wai tasharmu ce ta fi kowace makin gamsuwar fasinja, kuma an san hannun wa ke ciki.

Na ce, "Yallaɓai, na zo ne a gyara wani rubutu. Fasinjar 14C ta ranar Juma'a waccan. Na rubuta sa kai, tilas ce."

Fara'ar ta sauka a hankali. Ya rufe ƙofa. Ya ce, "An ja ta ne?"

Na ce a'a.

"Ta ce ba ta yarda ba?"

Na ce ba ta ce ba.

"To ina tilas ɗin?"

Na ce masa ƙanwata ce, ni na raine ta, in na ce ta sha wuta za ta sha. Na faɗa masa na yarinyar, da kwalin, da komai. Ban taɓa kuka a ofis ba sai yau, ga shi ni kukana ba kyau ne da shi ba. Ya miƙo min takardar goge hanci, ya ce Allah sarki, kuma ina jin har ransa ya faɗa. Sai ya ce shi ba shi da ikon taɓa rubutun da ya wuce kwana uku, sai sashen ƙorafi, su kuma ba sa buɗe magana sai in fasinja da kansa ya nuna bai gamsu ba. Ya ce bari ya duba ko ta cike fom ɗin da ake tura wa kowa a waya bayan tafiya.

Ya duba. Sai ya juyo min da allon.

Tauraro biyar. Ladabin ma'aikata, biyar. Yadda aka warware matsalarki, biyar. Za ki ƙara tafiya da mu, eh. A gidan ƙarin bayani ta rubuta: "Ma'aikaciyar ta yi ƙoƙari sosai." Ranar Juma'ar ta cike, ƙarfe ɗaya da kwata, tana zaune a kujerun waje inda motocin haya suke tsayawa.

Manaja ya ce, "Kin gani? A takarda, fasinjarki ta fi kowa gamsuwa a jirgin nan."

Alhamis, 13 ga wata, 5:50 na yamma

Na tambayi Auta maganar fom ɗin. Tana kan keke ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kin taɓa ce min in maki ya yi ƙasa ku ake kira ofis."

Na ce ta sake rubuta wani, ta zage ni, ta ce na ci zalinta, ta faɗi sunana da lambar katina. Na ce ni zan rubuta, ita sa hannu kawai za ta yi. Ta ce, "Su kore ki, sannan me?" Ta ci gaba da taka keken.

Asabar, 15 ga wata, 10:00 na safe

Duk da haka na rubuta wa sashen ƙorafi da sunana. Shafi biyu. Amsar ta zo cikin minti ɗaya, ka san ba mutum ne ya karanta ba. Suna godiya da na zaɓi tafiya da su. Ra'ayina yana da muhimmanci a wurinsu.

Litinin, 17 ga wata, 12:10 na rana

Ƙarin mutum uku yau. Na ɗauki lasifika na yi sanarwa a fili, wanda yake so ya bar kujerarsa ya zo. Mutum biyu suka zo da kansu, ɗalibai, suna murna da rangwamen. Saura ɗaya. Idona da kansa ya je ya sauka kan wata dattijuwa mai jakar leda, tana ta yi wa kowa sannu. Ƙafata har ta fara tafiya.

Na dawo na bi ƙa'idar da take a littafi, wadda ban taɓa bi ba: wanda ya zo ƙarshe shi za a bari a ƙasa. Wani ɗan kasuwa ne. Ya zage ni tas, ya haɗa da kamfani da kakannin kamfani. Na tsaya na sha zagin nan, kuma abin mamaki shi ne abu mafi daɗi da na ji a makon nan. Na rubuta tilas.

Ta Kanta Uku ta leƙo ta ce, "Ke, gwarzuwa, kin san me kika buga kuwa?" Na ce na sani.

Bai gyara komai ba. Na san bai gyara komai ba.

Laraba, 19 ga wata, 7:00 na safe

An manna hoton. Ina wucewa ta gabansa sau takwas a rana.

Alhamis, 20 ga wata, 6:15 na yamma

Auta ta rame. Zoben mahaifiyarmu da yake matse mata yatsa yanzu juyawa yake. Tana tafiya shago tun bakwai, ba ta dawowa sai rana ta kusa faɗuwa. Jiya na ji tana tambayar mai gidan shagon a waya ko ɗan ɗakin da yake bayan shagon har yanzu babu kowa a ciki. Na yi kamar ban ji ba.

Na sake kiran Injiniya. Na ce takardar kamfani ba za ta samu ba, amma mai yunifom ɗin da ta yi rubutun tana nan, kuma yarinyar ta san ta, a bayanta ta yi barci har ta shekara biyu. Ya ce zai gwada. Lahadi, ƙarfe huɗu namu. Minti biyar.

Asabar, 22 ga wata, 8:30 na safe

Na tsara abin da zan faɗa a takarda. Na yaga. Na sake tsarawa.

Lahadi, 23 ga wata, 5:25 na yamma

Sai da ya rage minti goma na faɗa wa Auta za mu yi waya da yarinyar. Ta kashe keken ta zo ta tsaya a bakin ƙofar falo, ba ciki ba, ba waje ba. Na buɗe muryar wayar na ajiye a kan tebur.

"Inna." Haka ta ce, sunan da take kirana ke nan. Muryarta ta canja, ta zama ta 'yanmata, amma har yanzu iska tana bi ta wushiryar nan. Auta ta dafa bango.

Na ce, "Uwata, ki saurare ni. Mamarki ta zo filin jirgi tun ƙarfe takwas. Ni na cire ta daga layi. Ni na rubuta wai ita ta so. Ƙarya na rubuta."

Ta ce, "Me ya sa kika cire ta?"

Na ce jirgin ne ya cika.

"Ba ta da tikiti ne?"

Na ce tana da shi.

"To wa ya zauna a kujerarta?"

Na ce wani mutum ne, shi ma yana da tikiti.

"Kujera ɗaya kuka sayar wa mutum biyu?"

Shekara goma sha shida ina yi wa manya bayanin wannan, da lissafi da murmushi. Na ce mata eh.

Ina jin ƙarar wata mota a can ƙasarsu. Sai ta ce, "Inna, da kika ce ta fita, ta ce miki a'a?"

Takardar da na tsara babu wannan a ciki. Na dubi Auta. Sai na ji bakina yana cewa, "Ta ce a'a mana! Ihu ta yi ta yi, ta riƙe ƙofa, sai da masu gadi biyu suka janye ta. Tana ta kiran sunanki."

"Da gaske?" Na ji muryar ta buɗe. Wallahi na ji ta buɗe, saura ƙiris.

Auta ta tako ta ɗauki wayar daga kan tebur. Ta ce, "Ni ce, Mama. Kar ki ajiye. Innarki so take ta taimake ni, amma ba haka aka yi ba. An yi miki ƙarya sau ɗaya a kaina, ba za a yi ta biyu ba. Ban yi ihu ba. Ban ce a'a ba. Ina so in ce, na kasa. Ba don rangwame ba ne, ban ma karɓi takardar ba. Kasawa na yi, kuma ke ce kika tsaya kina jira. Ki yafe min in kin iya. In ba ki iya yanzu ba, zan kira ranar Lahadi, da wadda take biye, har ki gaji."

Sai muka ji, can nesa da wayar, "Baba, karɓi wayarka."

Layin ya yanke.

Na ce, "Auta, ta kusa yarda! Me ya sa? Da kin bar ni."

Ta ajiye wayar a hankali ta dube ni, ido cikin ido, rabon da ta yi haka tun ranar. Ta ce, "Kullum ke kike rubuta min abin da na ce, Yaya." Ta share fuska da bakin mayafinta. "Kin san wani abu? Da wata ce a ƙofar nan ranar, wallahi da abin da kika faɗa wa yarinyar gaskiya ne. Da sai dai su kira 'yan sanda. Na juyo da bakina cike da ihu, sai na ga ke ce."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗakinta, na ji tana jawo akwati daga ƙarƙashin gado.

Litinin, 24 ga wata, 6:40 na safe

Motar ɗaukar kaya ta zo ƙarfe shida. Keken ɗinki, katifa, akwati biyu. Ni na kama mata ɗaya gefen keken har muka sauke shi daga matakala.

A bakin ƙofa ta tsaya, makullin gidan a tafin hannunta, tana kallona. Ta daɗe a tsaye. Maganar tana nan a bakina, kalma biyu kacal, ki zauna, kar ki tafi ma uku ce. Direba ya yi hon.

Ban ce ta zauna ba. Na san in na ce, za ta zauna.